Ƙwas-ƙwas a Ƙasan Inji

A Kwanar Gafan ana ta lodin tumatir, sai Malam Tambaya, manomin shinkafa daga Bunkure, ya ci birki gefen wata akori-kura da injinta ke ƙwas-ƙwas. Bai san direban ba, amma kunnensa ya hana shi wucewa.

"Samari, wannan ƙarar fa? Ko fulogi ne?"

"Ina fa, Baba! Fulogi ai daga sama yake kuka. Kasa kunne nan ƙasa. Injin ne ya cinye, saura ƙiris ya buga."

"Subhanallahi! Kuma kake jibga mata kwanduna?"

"Na yau ne kawai. Gobe zan ɗura mata man giya mai kauri, ta yi tsit kamar sabuwa. Dillali ya samo mini wani tsoho a Bunkure, wai ya sayar da shinkafarsa kaf zai sayi mota. Irinsu da sun ji ba ƙara, shi ke nan."

"Allah sarki. Ka taɓa ganinsa?"

"Sai gobe bayan Azahar."

Malam Tambaya ya sunkuya, ya ƙara sauraron injin da kyau.

"To, kada ka yi asarar man giyarka, ɗana. Tsohon ya ji da kunnensa."