Kada a Cire Ta Daga Layin Shara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar makarantarmu, malamanmu maza da mata masu haƙurin da mu iyaye ba mu da shi, 'yan kwamitin iyaye, iyaye mata da suka bar tukunya a kan wuta suka zo, iyaye maza da suka rufe shago suka zo, da ku yaran da ke leƙe ta taga kuna tsammanin ba a ganinku, ina yi wa kowa barka da war haka.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ya kuma raɗa mini cewa in taƙaita. Da alama bai taɓa zama a kujerata ba. Ni mai aski ne, kuma rabin mazan da ke wannan ɗaki sun san ba na sakin kai sai labari ya ƙare. Amma yau ba almakashi a hannuna, saboda haka duk wanda ya gaji yana iya motsi ba tare da fargaba ba.

Abin da ya tara mu kowa ya sani. Kwamiti ya kawo shawara cewa sabon ɗakin da aka gina kusa da ƙofar makaranta a mayar da shi ajin yara masu buƙata ta musamman, a kwashe su daga azuzuwansu a tara su a can, kuma yau za mu ɗaga hannu a kan haka. Cikin waɗanda za a kwashe akwai 'yata, 'yar aji huɗu, wadda ke zuwa a keken guragu. A gida Rediyo muke kiranta, domin tun da ta fara magana ba wanda ya gano inda ake kashe ta. Uwarta ta ce gado ta yi, ni kuwa har yau ban gane wa take nufi ba.

Magana ta farko, ina so in wanke kwamiti. Ba ƙiyayya ce ta kawo wannan shawara ba, ƙauna ce. Na ga ɗakin da idona: ƙofa mai faɗi, ƙasa a shafe ba tudu ba kwari, fanka sabuwa fil. Sai dai ku yi haƙuri in ba ku labarin yadda irin wannan ƙauna ta kusa raba 'yata da karatu a bara.

Lokacin da aka ɗauke ta a makarantar nan, lallaɓa ta aka shiga yi kamar ƙwai. In ta makara, mai gadi ya buɗe ƙofa yana washe baki, alhali ɗan maƙwabcinmu da suka iso tare yana can yana tsintar takardu a fili. In ta yi surutu, kuma ku yarda da ni tana yi, sai malama ta kalli na kusa da ita ta ce ya yi shiru. Mu kuma a gida muna ta murna, muna cewa mun dace da makarantar mutanen kirki.

To, a ajinsu akwai wani tsari da duk iyayen 'yan aji huɗu suka sani. Shara layi-layi ake yin ta. Kowane layin benci yana da ranarsa: su share aji bayan an tashi, su goge allo, su kaɗe abin goge allon a waje. In malama ta zo ta tarar da datti, duk layin ne zai tsaya ya sake, ba ruwanta da wanda ya yi sakaci. A wajen sharar nan ake faɗa, a wajen ake shiryawa, a wajen ake gulmar malamai, ku yi haƙuri malamai, a wajen kuma ake ƙulla ƙawance. Ita kuwa Rediyo, ranar layinsu, sai malama ta ce mata cikin tausayi, "Ke tafi gida abinki, an ɗauke miki."

Wata safiya na fito da keken, na goge shi tas, yarinya ta ce ba za ta ba. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Kashegari ma haka. Abin da ya fi tayar mini da hankali, Rediyo ta yi tsit. Jama'a, gidan da aka saba da surutu in ya yi shiru, abinci ma ba ya daɗi. Na zauna a bakin gadonta na ce, "Uwata, wa ya taɓa ki? Faɗa mini sunan ubansa, in ya zo aski zai gani." Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ba wanda ya taɓa ni. Ai matsalar ke nan. Ni ba 'yar ajin ba ce, ziyara nake zuwa musu kullum. Baƙuwa ma suke ce mini."

Wallahi maganar nan ta soke ni, kuma na ji tsoro. Na ji tsoron yarinyar da ke karanta mini duk allon da muka wuce a titi za ta ajiye karatu tun ba a je ko'ina ba.

Na je na sami malamarsu, ga ta can tana sunkuyar da kai, Allah ya saka mata da alheri. Ta saurare ni har na gama, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Ta ce, "Baban Rediyo, na ji. Amma tsintsiyarmu gajera ce, sai an duƙa, ita kuwa daga kan keke hannunta ba zai kai ƙasa ba." Ta kalli rigata da gashin mutane ya manne wa, sai ta ce, "Kai da me kake share shagonka?" Na ce da buroshi mai dogon mariƙi. Ta ce, "To gobe shagonka ya yi haƙuri."

Haka buroshina ya shiga makaranta, ni da na saye shi ban wuce aji shida ba. Rediyo tana tura shara ta tsakanin layuka, ƙawayenta suna zaƙulo ta ƙarƙashin benci suna kwashewa. Kafin mako ya zagayo, rigima ta koma kan wa zai taɓa buroshin, ita kuma ta zama mai ba da aro, da sharaɗi.

Sai wata rana aka tashi, yaran unguwa duk suka dawo, babu ita. Uwarta ta fara zarya tsakanin ɗaki da ƙofar gida. Can sai ga su tafe, 'yan layinsu suna turo ta, hancinta fari fat da alli, rigarta duk ƙura, tana kwaɗa mini kira tun daga bakin titi: "Baba! Yau an hukunta mu! Malama ta ce mu sake shara, kuma ta ce ni ce na ja mana da surutuna!" Ban taɓa ganin wanda aka hukunta yana farin ciki haka ba. Na shiga shago na juya wa madubi baya, don kada in ga ƙaton mutum yana hawaye a kan shara.

Magana ta biyu. Wani bawan Allah, yana cikin ɗakin nan, ba zan nuna shi ba amma askinsa ya yi kyau, ya ce mini, "Maigida, gaskiya irin waɗannan yara suna ja wa namu baya." Ban ji haushinsa ba, domin uba ne, ɗansa yake ji. Abin da na ce masa shi zan maimaita. Gaskiya ne malama ɗaya ba za ta iya da komai ba. Gaskiya ne yaron da ba ya ji yana buƙatar mai koya masa maganar hannu, wadda ba ta gani sosai tana buƙatar manyan haruffa da bencin gaba, wanda karatu ke yi wa nauyi yana buƙatar a zauna da shi a natse. Amma ɗanka da ya koyi jiran wani, ya koyi rage sauri a bakin ƙofa, ya koyi faɗa da mai keke a kan buroshi kamar yadda zai yi da kowa, wannan yaro ba baya ya ci ba. Gobe tare za su zauna a kasuwa, tare a ofis, tare a layin asibiti. In ba su saba a benci ɗaya ba, a ina za su saba?

Magana ta uku, ita ce roƙona. Kada a rufe ɗakin, kada kuma a mayar da shi gidansu. A sa malamin taimako a ciki. Yaro ya je ya karɓi abin da yake buƙata, ya dawo ajinsa, ya dawo bencinsa, ya dawo layinsa. A taimake su, amma kada a ɗauke musu zama cikin mutane. In sun makara a yi musu faɗa, in sun yi surutu a kira sunansu, in sun ci jarrabawa a tafa musu daidai yadda ake tafa wa kowa.

Da zan fito ɗazu, Rediyo ta riƙe mini hannun riga. Ta riga ta ji labarin ɗakin, domin ba a ɓoye wa rediyo labari. Na yi zaton kuka za ta yi. Sai ta ce, "Baba, ka gaya musu ɗakin yana da kyau, na gode. Amma in za su kai ni can, su haɗa da duk 'yan layinmu, don ranar Litinin mu ke da shara, kuma ba wanda ya iya lungun bayan ƙofa sai ni."

Na isar da saƙo. Ni dai na taɓa ganin yarinyar nan ta yi shiru sau ɗaya, kuma ba na fatan in sake gani. In an zo ɗaga hannu, ku tuna akwai wadda ke jira a gida ta ji ko ranar Litinin 'yar aji ce, ko kuwa ta koma baƙuwa.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu gaba ɗaya, mai gudu da mai keke, mai ji da mai kallon hannu. Allah ya ƙara wa malamanmu haƙuri da lafiya, ya yi wa kwamiti jagora, ya sa mu yanke abin da ba za mu yi nadama ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa iyaye mata su tarar tukunya ba ta kama ba.

Na gode.