Tazarce Har a Kotun Duniya

Turai na zaune a wani gareji a titin Wendover, ana canza wa motarta baƙin mai, sai dattijon da ke gefenta ya dubi wayarsa ya ja tsaki.

"Tazarce har a kotun laifukan yaƙi. Wai sun ƙara wa mai gabatar da ƙara wa'adi."

"Baba, ai shari'un ne ba su ƙare ba," in ji Turai.

"Haka kowa ke cewa, 'yata. In wa'adinka ya cika, ka sauka kawai. Ni a ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan ƙasar waje, roƙona ake yi in ci gaba."

Turai ta dube shi da kyau.

"Au, kai ne Alhaji Abdulmumini? Maigidana na jiran zaɓenku tun ina goyon Suhaila. Jiya ta karɓi lasin tuƙi."

Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"To, ai ayyukan ne ba su ƙare ba."