Muryarki a Sifikar Kwamfutata

Salamu alaikum, Hajiya mai gabatarwa. Ni ce Asabe, mai shagon buga takardu a Angwan Iya, Keffi.

Kwanaki sifikar kwamfutata ta fara magana ƙasa-ƙasa, alhali ban kunna komai ba. Ɗalibai suka daina shigowa, wai akwai aljanu. Maƙwabciyata Maman Rifkatu ta kasa kunne, ta ce, "Asabe, ai muryar matar rediyo ce."

Mai gyara ya ce doguwar wayar sifikar ce ke kamo tasharku. Ya rage tsawonta, ya naɗe ta a wani baƙin zobe, maganar ta ɗauke.

Har yau ina jinjina ikon Allah. Ashe kullum muryarki na ratsa bangon ɗakunanmu ba mu sani ba. Don Allah ki gaishe min da ɗaliban, ki ce su dawo.