Kwalin Ashana a Haɓar Zanena

Salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwana mata. Ni ce Saratu ta Dayi. Ban yi boko ba, faɗa na yi aka rubuta, na kuma hana a gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekara da shekaru, baƙin taron zumuntar mata a ɗakina ake sauke su. Daɓena har sheƙi yake yi. Sai ga Rifkatu, yarinyar da aka yaye a gabana, mijinta ya samu aiki a injin gurzar auduga a Funtua. Suka buga kwano, suka sayi gadon ƙarfe da katifar soso. Har aka ce gidan yana da inshora! Ran Lahadi matar fasto ta sanar cewa bana a gidan Rifkatu baƙi za su sauka.

Na yi tafi tare da kowa. Cikina kuwa wuta.

Na sayar da akuyata, na hau mota zuwa Funtua, na sayo tsohuwar katifar auduga a gwanjo, don a san ni ma ina da ita. Kafin sati biyu jikina ya yi ruɗu-ruɗu. Kuɗin cizo! Sun cika ɗinkin katifa, sun shige tsagar bango. Na san maganinsu: rana da tafasasshen ruwa. Amma a garinmu, duk wadda ta fitar da gado tsakar gida tana sheƙa masa ruwan zafi, ta yi shela ke nan. Ni da nake duba gindin tukunyar kowa? Na rufe ƙofa, na yi ta susa.

Sai Shaiɗan ya ba ni shawara. Na tsince su ɗai-ɗai cikin kwalin ashana, na ƙulle a haɓar zanena, na nufi gidan Rifkatu don in juye mata a katifa.

Ta durƙusa ta gaishe ni. "Inna, Allah ne ya kawo ki! Tsoro nake ji, ban taɓa sauke baƙi ba. Shigo ki sa wa ɗakin albarka."

Na ce, "Ina inshorar taku? Ba ta tsaron ɗaki?"

Ta yi dariya. "Ta gobara ce, Inna. Na tambayi maigida ko ta haɗa da ɓera da kuɗin cizo, ya ce waɗannan sai tsintsiyata."

Muka durƙusa gefen katifar. Ta rufe ido. Hannuna yana kan ƙullin. Na fara Addu'ar Ubangiji, da na zo wajen neman gafara sai harshe ya ƙi. Sau uku ina komawa farko. Na ji yarinyar nan tana raɗa, "Ya Uba, ka ƙara wa Inna ƙarfi."

Wayyo ni! Da ƙwari a zanena take roƙa mini ƙarfi!

Na ja ta waje, na jefa kwalin cikin murhunta, na faɗa mata komai. Ta gyara itacen murhun. Can ta ce, "Inna, kina da babbar tukunya, ko in zo da tawa?"

Washegari da rana tsaka muka fitar da kayana duka. Muka ƙone katifar, muka bi gado da tabarmi da ruwan zafi, muka zuba kananzir a tsaga, muka sake yaɓen bango. Maƙwabciyata Hannatu ta leƙo ta kan danga. "Yaya Saratu, lafiya?"

Na ce, "Kuɗin cizo ne da hassada. Shigo ki kama mana."

Baƙi suka sauka gidan Rifkatu, ni na tuƙa musu tuwo. Ba zan ɓoye muku ba, har yau in na ga gadon ƙarfen nan nata wani abu yakan motsa mini. Amma yanzu na san inda zan kai hassadar: gaban Ubangiji.

Na gode wa Yesu da ya riƙe harshena don ya riƙe hannuna. Ku duba ɗinkin katifa kafin ku saya. Abin da kuka rufe wa ƙofa kuma, ku fito da shi rana, ku dogara ga Yesu. Kunyar yini ɗaya ce. Amin.