Baba Yana Cizon Akwatin Maƙwabci

YAYA: Salamu alaikum, Auta. Kin wuni lafiya?

AUTA: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Yaya. Ya aiki? Ya su Anti da yara?

YAYA: Duk lafiya. Ya jikin Baba? Kin haɗa masa kayansa? Asabar direba zai zo ɗaukarsa.

AUTA: To... dama zan kira ka.

YAYA: Me? Ɗaga murya, layin yana yankewa.

AUTA: Na ce Baba ba ya son tafiya.

YAYA: Haba! Mutumin da tun da ƙarar injin niƙa ta cinye masa kunne yake zaune kamar turmi? A nan ko ba komai zai ga jikoki.

AUTA: Ka san baƙon da ya kama shagon ƙasa, mai gasa burodi? Yana da wani abin kiɗa na ƙasarsu. Akwati ne shimfiɗaɗɗe, tsirkiyoyi birjik a kai, yana dukansu da 'yan sanduna kamar cokula.

YAYA: To ina ruwan kurma da kiɗa?

AUTA: Baba ya dafa akwatin, ya ji yana rawa a tafin hannunsa. Sai mutumin ya nuna masa ya sa haƙori a gefen katakon.

YAYA: Ya sa me?

AUTA: Haƙori! Ya ciji akwatin. Wai ta ƙashi sautin yake shiga.

YAYA: Ikon Allah! Dattijo da furfura yana cizon kayan mutane?

AUTA: Nima dariya na yi, sai da na ga hawaye a gemunsa. Yanzu kullum da yamma yana can. Ba mai jin yaren wani. Matar mai burodin, da ta ɗan iya Hausa, ita ta ce mini waƙar makiyayansu ce, ta kiran tumaki su sauko daga dutse kafin duhu.

YAYA: Hmm. Ni rabon da ya ji muryata har na manta.

AUTA: Da na nuna masa jakarsa, ka san me ya ce? "A can wa zan ciza?"

YAYA: Kai, Baba! Amma Auta, ke kaɗai ce da ɗawainiyarsa, ga aikinki.

AUTA: Na gaji, ba zan ɓoye maka ba. Amma tsaya, sun fara. Bari in miƙa wayar ta taga.

YAYA: ...Kamar ruwan sama a kan kwano. Wa ke gunjin nan a ƙasa-ƙasa?

AUTA: Baba ne. Yana bi da hanci, bakin a cike yake.

YAYA: ...

AUTA: Yaya? Layin ne?

YAYA: Ba layin ba ne. Ki kwance jakar. Asabar ni zan zo da kaina, in kwana biyu ki huta. Kuma ki tambayi mai burodin ko zai yarda nima in...

AUTA: In me? Yaya? Kash, katinsa ya ƙare!