Rabin Awa Sau Biyu don 'Yata

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rahila daga Kafanchan, ina tsince citta a wani sito.

Da na koma aiki bayan haihuwa, oga ya hana ni fita in shayar da 'yata. Ya ce, "Nan gidan raino ne?"

Na sha kuka, ina jiran gwarzo ya cece ni kamar a littattafan soyayya. Shiru. Sai mai ba ni aron littattafai ta miƙo min dokar ƙwadago. Ashe mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu kullum!

Na karanta wa oga a gaban kowa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Je ki."

Yanzu mu huɗu masu shayarwa muke fita. Ina gaida maigidana Yohanna, mai kawo min jaririyar bakin ƙofar sito.