Zanen da Ke Jikin Firjin Amarya

A wani shagon shayi kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin Tanta, Alhaji Abdulgani ya tsare Ramzi, wanda ya sayar masa da firji ta intanet.

"Ka kunyata ni, bawan Allah! An jera kayan auren 'yata a buɗaɗɗiyar mota, unguwa duk ta fito kallo, ina ta cewa firjin sabo ne fil. Sai uwar ango ta leƙa gefensa, ta ga zane-zanen biro da sunayen yara!"

"Alhaji, ai na rubuta cewa an yi amfani da shi."

"Ka rubuta! To gogewa fa? Ko ba ka da hannu ne?"

Ramzi ya sunkuyar da kai. "Tsawon 'ya'yana ne, uwarsu ke aunawa duk sallah. Wallahi na ɗauko tsumma, na kasa. Ita ba ta san na sayar da firjin ba, har yau ta ɗauka yana wurin mai gyara."

Alhaji ya sassauta. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, ya kasa ɗago ido.

"Sha shayinka, ɗana. Zan ce wa amarya kada ta goge."